Wahalar Maganin Kemo ga Mai Ciwon Dajin Fankiriyas: Wadda Za a Jure da Wadda Ba a Kwana da Ita

Fankiriyas wata gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi, tsawonta kamar santimita 15. Aikinta biyu ne: fitar da ruwan da ke narkar da abinci a hanji, da samar da insulin mai daidaita sukarin jini. Idan ciwon daji ya kama ta, sau da yawa ba a ganewa sai ya yi nisa, don haka likitoci sukan dogara ga maganin kemo, ko kafin tiyata, ko bayanta, ko kuwa inda tiyatar ba za ta yiwu ba. A shekarar 1996 aka amince da gemcitabine a Amurka domin wannan ciwo. A 2011 kuma binciken da aka yi a Faransa ya nuna cewa haɗin magunguna da ake kira FOLFIRINOX, wanda akan ba da kowane mako biyu, ya fi tsawaita rai, amma ya fi wahalarwa.

Dalilin wahalar ba ɓoyayye ba ne. Maganin yana farautar ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa, ba ya kuwa iya bambance na ciwon da na ɓargo, da fatar baki da hanji, da saiwar gashi. Watau ba lallai ne wahalar ta zama alamar ciwo ya tsananta ba. Yawancinta ana iya rage ta, muddin an faɗa wa likita da wuri.

Amma akwai guda ɗaya da ba a kwana da ita, ita ce zazzaɓi. Kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin magani, fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki sukan yi ƙasa ƙwarai, ta yadda ƙaramar cuta za ta iya bin jini ta hallaka mutum cikin sa'o'i. A ƙasarmu an saba, da jiki ya yi zafi sai a ce cizon sauro ne, a aiki yaro kantin magani. Ga mai karɓar kemo wannan ganganci ne. Lalle ne a ajiye ma'aunin zafi a gida. In ya kai digiri 38, ko majiyyaci yana rawar sanyi, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, a kuma shaida wa duk wanda aka tarar cewa mutumin nan yana kan kemo. Kada a sha parasitamol kafin a auna, gama yana rufe zazzaɓin. Haka nan in idanu sun yi ɗorawa irin na shawara, ko jini ya ƙi tsayawa, ba a jira ranar da likita ya sa.

Tashin zuciya kuwa yana da magani, irin su ondansetron, sai dai a sha shi a kan lokacin da aka tsara, ba sai amai ya zo ba. Abinci kaɗan kaɗan, sau biyar ko shida a yini, ya fi kwano guda mai nauyi. Kunu, ƙwai dafaffe, kifi, wake, madarar da aka tafasa, duk suna taimako. Masu jinya su rage matsa wa majiyyaci. Ba raini ne ya hana shi cin tuwon da aka tuƙa masa ba, ɗanɗanon bakinsa ne ya sauya. Ga gyambon baki, a riƙa kurkurewa da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a bar yaji.

A nan mai wannan ciwo ya bambanta da sauran masu kemo. Tun da gaɓar narkar da abinci ce ta taɓu, yana iya ci yana ramewa, bayan gidansa ya zama mai maiƙo da wari, yana tasowa bisa ruwa. Wannan ba laifin kemo kaɗai ba ne, akwai ƙwayoyin narkar da abinci da likita zai rubuta, a haɗiye tare da kowane ci. Sukarin jini ma yakan hau, musamman da yake wasu magungunan hana amai suna ƙara shi, saboda haka a riƙa aunawa. In gudawa ta zo, a sha ruwan gishiri da sukari, in kuma ta kai sau huɗu a yini fiye da yadda aka saba, ko ta haɗu da amai, sai asibiti.

Wani abin da kan ba mutane mamaki shi ne sanyi. Oxaliplatin, ɗaya daga cikin magungunan FOLFIRINOX, yana taɓa jijiyoyi, ta yadda a kwanakin farko taɓa ƙarfe mai sanyi ko kurɓar ruwan firji zai zama kamar jan lantarki a yatsu da maƙogwaro. A ɗumama ruwan sha da na wanka da na alwala, a sa safa da hunturu. In yatsu sun mutu har ɓalla maɓallin riga ya gagara, a faɗa, domin likita na iya rage maganin kafin illar ta zauna. Gashi yakan zube ya kuma dawo bayan an gama. Gajiya kuwa, ɗan tattaki kullum ya fi mata kwanciya wuni guda.

'Yan'uwa za su zo da saiwa da jiƙo, da kyakkyawar niyya. Kada a sha ko ɗaya sai likita ya sani, gama hanta ce ke sarrafa yawancin magungunan nan, ƙarin kaya yana iya yi mata yawa. Wanda wahala ta ishe shi kuma kada ya ɗauke ƙafa daga asibiti shiru; ana rage awo, ana ɗage rana, ana sauya magani. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta zafin jiki, da yawan amai da gudawa, da abin da aka ci, a tafi da shi duk ranar ganin likita.