Darasi: Ƙarfen Da Ke Shiga Jikinmu Ba Mu Sani Ba

Darasin wannan wata ya shafi iyayenmu mata ƙwarai, don haka a karanta shi har a taron zumuntar mata.

Sau da yawa yarinya takan sayo 'yan kunne masu araha a kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi, bayan kwana biyu kunne ya kama ƙaiƙayi, ya kumbura, yana ruwa. Sai a ce ƙazanta ce. A'a. Irin wannan ƙarfe gauraye ne, sau da yawa da nikel a ciki, gishirin gumi kuwa shi ke narkar da shi ya shiga fata. Jikin da ya ƙi nikel sau ɗaya ya ƙi shi ke nan. Maganinsa a cire. Ƙasashen Turai sun yi doka a kansa tun 1994.

Amma abin da ya fi damuna tukunya ce. Maƙera sukan narka tarkacen mota da gwangwani su zuba tukwane. Suna da ƙarko, ga araha, ni ma a ciki ake mini tuwo. Sai dai wani tarkacen yana ɗauke da dalma. A 2014 masu bincike sun gwada irin waɗannan tukwane na Kamaru, suka tarar dalma tana fita in aka tafasa ruwa mai tsami a ciki. To, ku dubi abincinmu: yakuwa, tsamiya, zoɓo, da tumatirin da muke nomawa a bakin dam ɗin Zobe. Kanwa ma tana cin tukunya.

Dalma ba a jin ta a baki. Taruwa take yi a jiki, ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta kai har ga ɗan da ke ciki. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, ko da yake can ƙurar dutsen zinariya ce. Ta tukunya a hankali take aiki, sai dai a ga yaro ba ya gane karatu.

Kada miya ta kwana a irin wannan tukunya, a juye ta. Kunun tsamiya da zoɓo a koma wa tukunyar ƙasa. Wadda cikinta ya yi ramuka a daina girki da ita, kada kuma a goge ta da yashi.

A taro mai zuwa kowace ƙungiya ta duba ko asusunta zai iya sayo tukwanen kamfani a sari, a fara ba gidajen da ke da mai ciki ko mai goyo.