Darasin C++: Yadda Ake Sa cout Ta Buga Bayanan Class

Duk wanda ya fara koyon C++ ya saba da `cout << 5`. Matsala tana ɓullowa ne ranar da ya ƙirƙiri nasa `class`, misali Waya, ya rubuta `cout << w`. Nan take kompaila za ta zubo masa dogayen layukan kuskure, domin `cout` ta san lamba da rubutu, amma ba ta san mece ce Waya ba. Maganin shi ne a rubuta wa alamar `<<` sabon aiki:

```
#include <iostream>
#include <string>
using namespace std;

class Waya {
    string suna;
    int batir;
public:
    Waya(string s, int b) : suna(s), batir(b) {}
    friend ostream& operator<<(ostream& os, const Waya& w);
};

ostream& operator<<(ostream& os, const Waya& w) {
    os << w.suna << " - " << w.batir << "mAh";
    return os;
}

int main() {
    Waya w("Tecno", 5000);
    cout << w << "\n";
}
```

Allo zai nuna: Tecno - 5000mAh

Abubuwa uku ne ke kayar da masu koyo a nan.

Na farko, wannan fankshin ba ɗan cikin `class` ba ne. Abin da ke hagun `<<` shi ne `cout`, ba Waya ba. Da an mayar da shi ɗan ciki, sai dai a riƙa rubuta `w << cout`, a juye. Kalmar `friend` ce ke ba shi izinin taɓa `suna` da `batir`, tunda ɓoyayyu ne.

Na biyu, dole a dawo da `os`. Kompaila tana karanta `cout << w << "\n"` daga hagu zuwa dama, kuma abin da kashi na farko ya dawo da shi ne na biyu zai ɗora a kai. In aka sa `void`, sarƙar ta tsinke.

Na uku, kada a manta da `&` bayan `ostream`, domin C++ ba ta yarda a kwafi `ostream` ba.

Haka kuma a rubuta `os` a ciki, kada a sa `cout`. Ta haka fankshin ɗin zai iya zuba bayanan a fayil ta `ofstream` ba tare da an canza komai ba.

Wanda ba shi da kwamfuta zai iya gwadawa a wayar Android da manhajar Cxxdroid. Aikin gida: a ƙara `farashi` a cikin Waya, a sa ya fito a allo.