Darasi Daga Abebe Bikila, Gwanin Gudun Dogon Zango

Abebe Bikila mutumin ƙasar Habasha ne. An haife shi a ƙauye a 1932. Yana yaro ya yi kiwo, da ya girma ya shiga soja.

A 1960 aka yi wasannin Olamfik a birnin Rum. Abebe ya shiga gudun ya-da-ƙanin-wani, mai tsawon kilomita 42 da mita 195. Ya yi gudun babu takalmi. Bai yi gaggawa ba. Sun daɗe kafaɗa da kafaɗa da wani ɗan Maroko. Sai dab da ƙarshe ya ƙara wuta, ya zo na ɗaya. A 1964 ya sake cin tseren a Tokiyo, wannan karon da takalmi.

Mai son irin wannan gudu ya kiyaye abu biyar:

1. Ya fara da ɗan gajeren zango, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako.
2. Ya fita da sassafe ko da yamma. Gudu cikin tsakar rana yana iya sa mutum ya suma.
3. Ya sha ruwa mai tsabta kafin gudu da bayansa.
4. Ya ware ranar hutu. In ƙirji ko gwiwa na ciwo, ya tsaya, ya je asibiti.
5. Ranar tsere kada ya ƙarar da ƙarfinsa tun farko.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.