Kada Ka Rubuta Wa Kowace Baƙuwa Takwas

Ɗana, ka yi dabara da ka sayo tsohuwar Dell OptiPlex ɗin nan a Titin Beirut maimakon ka tara kwamfutoci huɗu. Inji ɗaya a kusurwar shagonka na Tudun Wada, ka ɗora masa Proxmox, ya saukar da baƙin kwamfutoci a cikinsa: mai Windows don buga takardu da hotunan fasfo, mai tambayoyin gwaji ga masu shirin JAMB, mai tara hotunan kyamarorin tsaro, sai mai ajiye lissafin ƙungiyar manoman masara. Tun da JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, yaron Doguwa ko Kiru da bai taɓa riƙe maus ba yakan shiga ɗakin jarrabawa da fargaba biyu. Aikinka ba ƙaramin taimako ba ne, Allah ya saka maka. Don haka ne ma nake so mu zauna a kan abu ɗaya da na gani a allonka: kowace baƙuwa ka rubuta mata ƙwaya takwas.

Na san zuciyar da ta sa ka, ba ka so ka tauye wa kowa. Amma fara duba abin da ke hannunka. Furosesar injin nan, i7-6700, ƙwaya huɗu gare ta. Takwas ɗin da kake gani zare ne: kowace ƙwaya tana karɓar aiki biyu, in ɗaya ya tsaya jiran bayani daga ram sai ɗayan ya shige. Da riba a ciki, amma ba ta kai ninki ba, ko kusa. Ka riƙa lissafi da huɗu, sauran ka ɗauke su gyara.

Ƙwayar da ka rubuta wa baƙuwa kuma ba mallakarta ba ce, wuri ne a layi. Linux ɗin da ke ƙarƙashin Proxmox yana ɗaukar kowace irin wannan ƙwaya a matsayin aiki kamar sauran ayyuka, ya ba ta ɗan lokaci a kan ƙwaya ta gaske, ya janye ta, ya sa wata. Shi ya sa ba laifi jimillar abin da ka raba ta zarce abin da injin yake da shi, tunda yawancin yini baƙin nan barci suke yi. Matsalar tana zuwa ne ranar da suka farka tare. Ka san yadda ruwan Tiga yake bi ta kanal zuwa Kadawa da Kura da Garun Malam: in kowa ya buɗe ƙofarsa lokaci guda, ruwan ba ya ƙaruwa, na ƙarshen layi ne kawai shinkafarsa take bushewa.

Akwai wani abu mafi ɓoyuwa, ka saurare shi da kyau. Baƙuwa mai ƙwaya takwas ta yarda cewa takwas ɗin nan suna tafiya tare. Ɗaya daga ciki takan kulle wani ɓangare na ram don ta yi rubutu, sauran su dakata har ta buɗe. To, idan mai masauki, wato Linux ɗin da ke riƙe da baƙin, ya janye wannan ƙwaya daidai lokacin da makullin yake hannunta, sauran sai su yi ta juyi a wuri ɗaya suna jiranta, suna cin lokacin furosesa ba tare da sun haifar da komai ba. Ka ga ke nan yawan da ka ba ta ya zame mata nauyi, ya kuma cuci maƙwabtanta. Shi kansa mai masaukin yana bukatar rabonsa, domin shi yake kai rubutu faifai, shi yake shigo da saƙo daga waya ya fitar. In ka cinye masa wuri, kowa zai ji a jikinsa.

Ga shawarata. Windows ka ba ta biyu, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 take nema, kuma ya ishi buga takarda. Mai JAMB biyu. Mai kyamara biyu in tana gane motsi, in ajiya kawai take yi ɗaya ma ta wadatar. Mai lissafin manoma ɗaya. Wannan ta ƙarshe ma ba ta bukatar zama cikakkiyar baƙuwa. Ka mayar da ita kwantena ta LXC, wadda take aron Linux na mai masauki, ba ta cin ram sosai.

Daga nan sai ka sa ido, kada ka yi gaggawa. Proxmox yana zana wa kowace baƙuwa jadawalin aikinta na awa, na yini, na mako. Ka bar mako guda ya zagayo, har da ranar kasuwa da shago yake cika. Wadda ka ga ta daɗe a sama ba ta sauka, ƙara mata ɗaya, ɗaya tak, ka sake kallo. A cikin baƙuwa mai Linux ka buga top, ka nemi lambar da ke gaban st: lokacin da ta nemi furosesa ne aka ce ta jira. In yana kusa da sifili, cunkoso a kan furosesa ba shi ne damuwarka ba. Sau da yawa abin da ake ɗora wa furosesa laifinsa, faifai ne ko ram. Ram ɗinka mai gigabait 16 ba ya rabuwa da karɓa-karɓa cikin sauƙi yadda ƙwaya take yi; in ya ƙare, injin ya koma rarrafe, wani lokaci ma ya kashe baƙuwa ɗaya don ya tsira. In kuɗi ya shigo, SSD da ƙarin ram za su fi yi maka amfani.

Kada kuma ka manta inda kake. Waɗanda suka rubuta Proxmox a Vienna suke, ba su san zafin Afrilu a kudancin Kano ba, balle ƙurar hunturu da take toshe fanka. An tsara furosesar nan a kan wat 65, kuma in ta yi zafi fiye da kima da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, komai yawan ƙwayar da ka rubuta. Ka ɗaga injin daga ƙasa, ka riƙa hure masa ƙura, ka bar masa hanyar iska. Ayyuka masu nauyi kamar kwafe ajiya da sabunta Windows ka jera su ɗaya bayan ɗaya da rana tsaka, lokacin da sola take cika, don batir ya kai kyamarori asuba.

In lokacin JAMB ya matso, yara suka cika benci, ba sai ka sake rabo gaba ɗaya ba. A shafin furosesar kowace baƙuwa akwai gurbin CPU units, nauyin da ake ba ta in an yi cunkoso. Ninka na mai JAMB, sai ta riƙa samun kaso mafi tsoka duk sanda aka haɗu a layi, in ba cunkoso kuma kowa ya ci gaba da harkarsa. In har ƙarin ƙwaya ya zama dole, yawanci sai an kashe baƙuwar an kunna kafin ya kama, saboda haka ka bari sai bayan Isha'i da yara suka watse, kuma ka rubuta abin da ka sauya da kwanan wata a littafin shago.