Sarin Kayan Lantarki: Dillalai Biyu Ba Lalle Su Zama Hanya Biyu Ba

Ɗan kasuwar da ke zaune a unguwar Hausawa ta Anacha, ko Garki ta Inugu, ko Fatakwal, yana sarin rediyo da fitilun sola da batura da wayoyin hannu yana aikawa Arewa, shi ne kusan na ƙarshe a wata doguwar sarƙa. Farkonta yana masana'antun Shenzhen da Guangzhou na ƙasar Sin. Daga can ta bi teku zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Onne da ke Jihar Ribas, ta ratsa hannun kwastan da na babban mai shigo da kaya, kafin ta iso shagonsa. Duk inda ta tsinke, shi ne zai wayi gari da kanta babu kaya.

Ta kuwa sha tsinkewa. A shekarar 2020 annobar korona ta rufe masana'antu, aka kuma shiga ƙarancin 'yan mitsitsin na'urorin nan da ake kira cif, waɗanda su ne ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta, har cikin 2022. A watan Satumba na 2021 kuɗin dakon kwantena mai ƙafa 40 ya haura dala 10,000, alhali kafin annobar bai kai dala 2,000 ba. A nan gida kuma, zaman gida na ranar Litinin da aka fara a Kudu maso Gabas a watan Agusta na 2021 ya yi shekaru yana cinye wa kasuwar Anacha kwana guda a kowane mako.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada mutum ya dogara ga dillali guda. Gaskiya ce, amma ba ta cika ba. Sau da yawa mai sari yakan riƙe dillalai biyu ko uku a Babbar Kasuwar Anacha, yana ganin ya tsira, bai san dukkansu daga kwantenar mutum ɗaya suke ɗiba ba. Ranar da kwantenar ta maƙale a Apapa, amsa guda zai ji daga bakin su duka. Saboda haka abin tambaya shi ne: wa ya shigo da kayan, daga wace masana'anta, ta wace tasha? Idan ɗaya ta Legas yake saukewa, a nemi na biyu mai saukewa a Onne. Kayan Legas sai sun tsallake kogin Neja daga Asaba kafin su shiga Anacha, ko da yake gada ta biyu da aka buɗe a 2023 ta rage cunkoso; kayan Onne kuwa ba ruwansu da gada. Dillali ba ya son faɗin inda yake samo kaya, don tsoron kada a tsallake shi, amma wanda aka daɗe ana cika masa alkawari yakan faɗi sunan tashar aƙalla.

Sai batun da, a ganina, ya fi kowanne karya jari, wato farashin maye gurbi. A watan Mayu na 2023 ana sayar da dala wajen naira 750 a kasuwar bayan fage. Zuwa Fabrairu na 2024 ta wuce 1,500. Mu ɗauki misali: wani ya sari fitila 100, kowace a kan dala 10, wato naira 7,500. Ya sayar a kan 10,000, ya tara naira miliyan ɗaya, littafinsa ya nuna riba. Da ya koma sari, fitilar ta zama 15,000, kuɗinsa ba za su sayi fiye da 66 ba. Riba a takarda, hasara a kanta. Abin mamaki, da yawa daga cikin 'yan canjin garuruwan nan 'yan uwanmu ne, tare ake salla, amma mai shago bai cika tambayarsu farashin yau kafin ya yi ciniki ba. Kayan da aka sayo da dala, da farashin sake sayo su ake sa musu kuɗi, bashi kuma a taƙaita wa'adinsa.

Haka nan a lura da kalanda. Masana'antun Sin kan rufe don bikin sabuwar shekararsu a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, tafiyar jirgin ruwa kuma takan wuce wata guda. Tunda azumi yana matsowa gaba da kimanin kwana 11 kowace shekara, mai son kayan kasuwar Salla sai ya ƙirga baya daga ranar da yake buƙatarsu, ya ba da oda da wuri.

Wannan ba ya nufin a cika sito da komai. Waya tana saurin tsufa, sabon samfuri na fitowa tsohon ya faɗi. Caja da batura da fitilu, waɗanda ake nema kullum, su ya kamata a ajiye na 'yan makonni. Kafin biyan kuɗin babban sari kuma, a nemi ganin takardar SONCAP ta Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki da shaidar biyan kwastan, domin motar da aka tsare a hanyar Lakwaja saboda rashin takarda, kayan mai sari ne a cikinta, ba na dillali ba.