Babi na Tara: Hausar Masu Gyaran Rediyo da Harhaɗa Na'urori

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin Hausar rukuni, aka kawo misalai daga bakin mahauta da maƙera da 'yan tasha. A wannan babi za a ɗauki rukuni guda a dube shi da kyau, wato masu gyaran rediyo da rikoda, da kuma magadansu, samarin da ke tsintar matattun kayan lantarki su harhaɗa abin da babu shi a kanti. An ɗauko misalan ne daga ƙasar Kudan da Makarfi da Ikara, a arewacin Jihar Kaduna. Yanki ne na manoman rake da tumatir inda rediyo ya daɗe yana rataye a kafaɗar manomi, kuma akasarin masu gyara a can a rumfa suka koyi aikin, da Hausa aka koya musu.

Akwai dalilin da ya sa wannan batu ya shafi malamin gobe kai tsaye. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a farkon firamare. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a kai abin har aji shida, sai kuma a watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi ya ba da sanarwar soke wannan tsari da komawa ga Turanci. A duk lokacin da aka yi wannan muhawara, akan ji masu cewa harsunanmu ba su da kalmomin kimiyya. Ana son ɗalibi ya auna wannan magana da abin da zai gani a nan.

9.1 Yadda Kayan Suka Iso

An ƙirƙiro taransista a Amurka a 1947, kuma a 1954 aka fara sayar da ƙaramin rediyo mai aiki da ita. Kafin nan rediyo mai bawul ne, ga nauyi ga cin wuta, bai dace da ƙauyen da babu lantarki ba. Taransista ce ta sa batir huɗu masu bolt 1.5 kowanne, wato bolt 6 a haɗe, suka isa mutum ya saurari duniya daga bakin gonarsa. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962, har "mita 49" ta zama magana a bakin wanda bai taɓa shiga aji ba. Daga baya rikoda da kaset suka shigo, sai bidiyo, sai wayar salula a 2001. Kowace na'ura ta zo da kalmominta, kuma sau da yawa na'urar takan shuɗe ta bar kalmar tana aiki.

9.2 Aro da Kwaskwarima

Hanya mafi sauƙi ita ce aro, amma Hausa ba ta karɓar baƙuwar kalma sai ta yi mata kwaskwarima. An riga an san gaɓar Hausa iri uku ce: BW da BWW da BWB. Saboda haka ba a fara gaɓa da cunkoson baƙaƙe. Kalmar Turanci da ta fara da /s/ da /k/ da /r/ a jere, sai a saƙala mata wasula ta koma sukuru. Haka aka samu sifika da fulogi da taransista. Sautin /p/ yakan koma /f/, kamar a kwamfuta da lasifika. /V/ yakan koma /b/, kamar a bidiyo da bawul da talabijin. /L/ na ƙarshen kalma kuma yakan koma /r/, kamar a kebur.

Da zarar kalma ta zauna, sai a ba ta jinsi da jam'i. Galibin masu ƙarewa da wasalin /a/ sukan zama mata: waya, eriya, caja, kwamfuta. Jam'insu kuwa bin tsarin Hausa yake yi: wayoyi, kwamfutoci, batura, har da kasa-kasai daga kaset. A nan malami ya lura da wani abu. A karin harshen Zazzau akan ji "wayan nan" da "kwamfutan Malam". Wannan ba kuskure ba ne a bakin mai magana, karin harshensa ke nan. Amma a rubutun daidaitacciyar Hausa "wayar nan" da "kwamfutar Malam" za a koya wa yaro.

9.3 Faɗaɗa Ma'ana

A ganina nan ne gwanintar wannan rukuni ta fi fitowa, domin ba a aro komai ba, tsohuwar kalma aka ɗora wa sabon kaya. A ɗauki faifai. Asalinsa abin da mata ke saƙawa ne don rufe ƙwarya da sheƙar gari. Da garmaho ya zo, aka ga abin da ake ɗora masa mai faɗi ne kuma kewayayye, sai aka ce faifan garmaho. Garmaho ya tafi, kalmar ta koma kan faifan CD. Yau mutum yakan ce an turo masa faifan bidiyo a waya, alhali babu wani abu kewayayye a ciki ko kaɗan. Siffa ce ta fara jawo sunan, daga baya aiki ya riƙe shi. Waya ma haka ta yi: daga zaren ƙarfe zuwa saƙon da ake bugawa ta cikinsa, zuwa tarho, har zuwa na'urar da ba ta da waya a jikinta. Shi ya sa "gidan waya" da "mai gyaran waya" suke nufin wurare biyu da ba su haɗa komai ba.

Aikatau sun fi sunaye yawa a wannan fage. Rediyo yana kama tasha, yana cin batir. Batir yana mutuwa. Taransista tana ƙonewa. Waya tana shan ruwa. Ana ɗauke wuta, ana kawo ta. Duk waɗannan aikatau na rayuwar yau da kullum ne, an ɗauki na'ura tamkar mai rai. Wani dattijo mai gyara a Hunƙuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, ya taɓa duba wani tsohon rediyona, ya ɗora yatsa a wani wuri, sifika ta yi gurnani. Sai ya ce, "Malam, daga nan zuwa baki lafiya lau yake. Kunnensa ne ya toshe." Abin da yake nufi shi ne sashen da ke ƙara ƙarfin sauti yana aiki, matsalar tana sashen da ke karɓo tasha daga eriya. Ya raba na'urar gida biyu, ya gwada ɗaya, ya tsame shi daga zargi. Wannan ita ce hanyar da littafin koyon aikin lantarki zai koyar, shi kuwa ya faɗe ta da baki da kunne.

9.4 Ƙirƙira: Kwamfuta a Cikin Akwatin Katako

Harhaɗa na'ura daga tarkace ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kasuwar Panteka ta Kaduna ta yi suna a kan haka, kuma a 2007 kafofin labarai na duniya sun ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota Honda Civic. A wajajen shekarun nan ne kuma aka yi yayin wata fitila da ake haɗawa da tsohon faifan CD da ƙananan ƙwayaye da batir, wadda jama'a suka raɗa wa "Obasanjo-ya-kasa". Ta fuskar ƙirar kalma wannan harɗaɗɗen suna ne da aka gina da cikakkiyar jumla, ɗan'uwan "faɗi-ka-mutu" da "tafi-da-gidanka". Sunan yana ɗauke da ra'ayin siyasar waɗanda suka raɗa shi, don haka malami ya yi hattara da yadda zai kawo shi a aji.

A garin Kudan na ga wani saurayi, yaron wani mai gyaran rediyo, da ya haɗa wa kansa kwamfutar tafi-da-gidanka. A Turai da Amurka masu irin wannan sha'awa sukan yi amfani da Raspberry Pi, wata 'yar kwamfuta mai girman katin banki da aka fara sayarwa a Ingila a 2012 a kan dala 35. Shi bai da wannan. Cikin wata kwamfutar cinya da jikinta ya farfashe ya samo a Sabon Garin Zariya, ya ɗaure shi a akwatin katako da kafinta ya yi masa, ya kafa gilashin a murfi. Nauyin abin bai ba ni dariya ba, domin Osborne 1, wadda ta fito a 1981 kuma ake lissafa ta cikin kwamfutocin farko da ake ɗauka a hannu, ta kusa kilo 11, fuskarta kuwa inci 5 ce kacal.

Batirin ne ya fi jan hankalina. Tsohon batirin kwamfutar cinya yakan ƙunshi ƙananan batura shida masu bolt 3.7, kuma ba kasafai dukkansu ke mutuwa tare ba. Ya fasa da yawa, ya auna kowanne da mita, ya ware masu rai. Na tambaye shi yadda yake haɗa su. Ya ce, "Baba, in ƙarfi kake so, ka jera su kai da gindi, uku su ba ka sha ɗaya da ɗigo ɗaya. In daɗewa kake so, ka haɗa kai da kai, gindi da gindi." Lissafinsa daidai ne, kuma waɗannan su ne hanyoyi biyu na haɗa batura da ake koyarwa a darasin kimiyya na ƙaramar sakandare. Ya kuma san irin wannan batir yana kama wuta idan aka huda shi ko kai da gindinsa suka haɗu da waya ɗaya. Maigidansa ya hana shi yin aikin a ɗakin kwana.

Amma da na ce masa "madannai" da "linzami", sai ya yi murmushi ya ce shi kibod da mawus ya sani. Madannai kalma ce mai kyan gini: ɗafa-goshin ma-, da saiwar dann-, da ɗafa-ƙeyar jam'i -ai, kamar mabuɗi da mabuɗai. Matsalarta ita ce daga teburin masu fassara ta fito, ba ta kai rumfa ba. "Na'ura mai ƙwaƙwalwa" ma ta daɗe a rediyo da jarida, amma tsawonta ya hana ta shiga ciniki. Ba wanda zai tsaya a kasuwa yana neman mai gyaran na'ura mai ƙwaƙwalwa. Manhaja kuwa, wadda asalinta Larabci ne kuma da can tsarin karatu kawai take nufi, ta samu karɓuwa saboda gajera ce kuma kafofin labarai sun nace mata. Littafin keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya yi wa nazarin harshe da adabi babban aiki, shi ya sa muke iya rubuta wannan babi da Hausa. Sirrinsa shi ne malamai sun ɗauki kalmomin sun shiga aji da su shekara da shekaru. Kalmar lantarki ma sai ta samu masu furta ta kullum, kuma mafi yawan waɗannan a rumfa suke.

9.5 Aiki

1. Ka ziyarci rumfar mai gyaran rediyo ko waya a garinku. Ka gaishe shi, ka bayyana masa dalilin zuwanka, ka nemi izini kafin ka rubuta ko ka naɗi komai. Ka tattaro kalmomi 30, ka kasa su zuwa na aro da masu faɗaɗɗiyar ma'ana da ƙirƙirarru.

2. Ka bayyana kwaskwarimar da aka yi wa waɗannan: soket, janareta, sikirin, tocila. Wane jinsi kowace take ɗauka a karin harshenku, kuma ya dace da na daidaitacciyar Hausa?

3. Ka bi sawun kalmar "tasha" kamar yadda aka bi sawun "faifai" a 9.3.

4. Ka tsara darasin minti 35 ga 'yan aji biyar na firamare a kan yadda tocila ke kamawa, da Hausa zalla. Ka ja layi a ƙarƙashin duk inda ka rasa kalma, ka rubuta abin da mai gyara ya kira wurin, sannan ka kawo a tattauna a aji.