Darasin Sana'a: Yadda Ake Zaɓen Baro Don Aikin Lambu Da Na Gida

BAUCHI — A unguwannin da ke gefen birnin Bauchi, irin su Tirwun, inda gidaje ke haɗuwa da gonaki, baro yana cikin kayan aikin da ba a cika ajiyewa ba. Da shi mai lambu yake kai taki fadama, da shi magidanci yake kwashe shara da yashi a tsakar gida, da shi kuma 'yan dako suke ɗaukar buhunan albasa da kwandunan tumatir a Kasuwar Muda Lawal da Kasuwar Wunti. Ga ƙaramin ɗan kasuwa, kuɗin baro jari ne, kuma wanda ya yi kuskure wajen saye yakan sake sayen wani kafin shekara ta zagayo.

Baro tsohon kayan aiki ne. Hotunansa mafi daɗewa an same su ne a kaburburan ƙasar Sin na ƙarni na 2 Miladiyya, bai kuma bayyana a Turai ba sai wajen ƙarni na 13. Na Sin yakan zo da babbar taya a tsakiya, ta yadda tayar ke ɗaukar kusan dukkan nauyin. Wanda ya zo Nijeriya samfurin Turai ne, mai ƙaramar taya a gaba, wanda ke raba nauyi tsakanin taya da hannun mai turawa. Wannan rabon nauyi shi ne abu na farko da ya kamata mai saye ya fahimta.

Lissafin nauyi

A ƙaddara an ɗora buhu 2 na takin zamani a baro, kowanne kilo 50, wato kilo 100 ke nan. Idan tsakiyar kayan tana da nisan santimita 40 daga taya, mariƙin hannu kuma yana da nisan santimita 120, to abin da hannu zai ɗauka kashi ɗaya cikin uku ne, wato kimanin kilo 33, sauran kuwa yana kan taya. Amma idan ƙirar baron ta sa kayan suka koma baya zuwa santimita 60, nauyin da ke hannu zai tashi zuwa kilo 50, alhali kayan ba su ƙaru ba. Saboda haka baron da kwanonsa ya matso gaba, ya hau kan taya, mariƙansa kuma suke da tsawo, ya fi sauƙin turawa. Ma'aikacin da yake yin sawu 30 ko 40 a yini shi ne yake jin wannan bambanci a gadon bayansa, mai aikin kuwa yana ganinsa a yawan kayan da aka kwashe kafin la'asar.

Girman kwano

Mutane da yawa sukan zaɓi baro mafi girma da tsammanin zai rage sawu. Wannan ya danganta ga abin da za a riƙa ɗauka. Baron da magina suka saba amfani da shi yana cin tsakanin lita 65 zuwa lita 100. Lita ɗaya ta busasshen yashi tana da nauyin kimanin kilo ɗaya da rabi, don haka baro mai lita 65 idan an cika shi da yashi ya kai wajen kilo 100, mai lita 100 kuwa ya kai wajen kilo 150, nauyin da ba kowane mutum ne zai iya turawa a kan ƙasa mai gargada ba. Wanda aikinsa yashi ne da tsakuwa da bulo, matsakaicin kwano mai kauri ya fi masa. Wanda kuwa zai riƙa kwasar busasshen takin gargajiya, ko ciyawa, ko harawa, ko ganyen da ya zuba a tsakar gida, babban kwano mai zurfi ne ya dace da shi, domin waɗannan kaya suna da cika amma ba su da nauyi.

Har wa yau, ya kamata mai saye ya auna faɗin ƙofar zaurensa da faɗin hanyoyin da ke tsakanin fangalin lambunsa kafin ya tafi kasuwa. Baron da ba ya shiga ƙofa sai an karkata shi, aikinsa ya ragu da rabi.

Ƙarfe da tsatsa

Kwanon baro iri uku ne: na ƙarfe mai fenti, na ƙarfen da aka lulluɓe da sinadarin hana tsatsa kamar na kwanon rufi, da kuma na roba. Kaurin ƙarfen ya bambanta, daga wanda bai kai milimita ɗaya ba zuwa wanda ya ɗara ta. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce a danna gindin kwanon da tafin hannu; idan ya lotsa ya dawo da ƙara, to ba zai jure saukar dutse ko bakin shebur ba. A duba bakin kwanon kuma, domin wanda aka naɗe bakinsa ya fi ƙarfi, ba ya kuma yankar hannu.

Babban abokin gabar baro a ƙasar Bauchi shi ne tsatsa. Damina takan ɗauki kimanin watanni biyar, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma baron da aka bari a waje da ruwa kwance a cikinsa gindinsa ne yake fara hujewa. Takin zamani da ɗanyen kashin dabbobi suna hanzarta cin ƙarfe, haka ma ragowar kwaɓin siminti yakan daskare ya ƙara wa baro nauyi. Kwanon roba ba ya tsatsa, kuma ya dace da taki, sai dai zafin rana yana busar da shi har ya tsage, kuma idan ya tsage mai walda ba shi da abin da zai yi masa. Kwanon ƙarfe kuwa ana iya yi masa faci sau da yawa.

Taya

Taya ita ce ran baro, kuma a nan ne yawancin asarar yini take faruwa. Taya mai iska tana da laushin tafiya a kan duwatsu, ba ta kuma nutsewa cikin yashi ko taɓon fadama da sauri, amma ƙaya irin ta tsidau da ƙashin-yawo, da kusoshin wurin gini, suna huda ta. Taya ta daskararriyar roba ba ta faci, sai dai tana jijjiga hannu, tana kuma yin nauyi a ƙasa mai laushi. Mai lambun da ke nesa da mai faci ya fi samun kwanciyar hankali da daskararriyar taya. Mai aiki cikin gari, inda masu faci suke kusa, zai fi jin daɗin mai iska. Wanda ya zaɓi mai iska ya duba lambar da ke jikinta. Lambobi irin 3.50-8 da 4.00-8 sun yawaita a kasuwa, don haka samun canjinsu ba ya wuya.

Kafin a biya kuɗi, a ɗaga gaban baron a juya tayar da hannu. Idan tana rawa gefe da gefe ko tana ƙugi, to boris ɗinta ba shi da kyau. A tabbata kuma cewa da noti aka ɗaure sandar da tayar ke juyawa a kanta, domin wadda aka like da walda sai an yanke ta kafin a canza taya.

Na waje ko na gida

Yawancin barorin da ake shigowa da su daga waje na ƙasar Sin ne, kuma farashinsu yana bin darajar Naira. Tun daga shirin gyaran tattalin arziki na 1986 kayan waje suka fara tsada, sa'an nan a 2023, da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki farashin canji, kuɗin kaya da na sufuri suka sake tashi. Wannan ya sa masu saye da dama suka koma ga 'yan walda na gida. Baron gida yakan fi nauyi, amma mai shi yana iya faɗin kaurin ƙarfe da tsawon mariƙi da yake so, idan kuma ya karye a mayar wa wanda ya ƙera. Abin dubawa a nan shi ne walda: ta kasance a jere ba ɗigo-ɗigo ba, musamman a ƙafafu da inda mariƙi ya haɗu da gaba. A ajiye baron a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a ga ko ƙafafunsa biyu sun taka daidai.

Lissafin riba

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Ɗan kasuwa ba farashin ranar saye kaɗai yake dubawa ba, yana raba kuɗin da yawan watannin da kayan za su yi aiki. Alal misali, idan baro mai sauƙin kuɗi ya yi shekara ɗaya, wani kuma da ya ninka shi a farashi ya yi shekara uku, to a kowace shekara mai tsadan kashi biyu cikin uku ne kawai na kuɗin mai arahar, ban da kuɗin faci da ranakun da aiki ya tsaya. Wannan lissafi ya fi muhimmanci ga masu sayen baro da yawa suna bayar da haya ga 'yan dako, domin balas ɗin yini ba ya shigowa ranar da baro yake wurin mai walda. Irin waɗannan masu jari sukan sayi samfuri ɗaya, don tayar wannan ta shiga wancan, sukan kuma rubuta suna da lamba da fenti a jikin kowane baro saboda ɓata.

Daga ƙarshe, kula ita ce take tsawaita kwanan baro. A wanke shi bayan an ɗauki taki ko siminti, a kife shi ko a jingine shi da bango a inuwa, a sa wa boris giris lokaci-lokaci, a kuma shafa wa gindin kwano fenti kafin saukar ruwan farko. Mai lambun da ke shirin noman rani zai fi samun sauƙi idan ya duba baronsa tun watan Oktoba, kafin lokacin kai taki ya zo.